Kakin Aron Isha'aku

Idan ka shiga unguwar Bagdadiyya a Jidda ka tambayi gidan marigayi Alhaji Idris, ba kowa zai iya nuna maka ba. Amma ka ce gidan da Kofur yake gadi, ko ɗan Yaman mai kanti a kan kwana zai fito ya yi maka kwatance. Bene ne mai hawa uku, iskar teku ta cinye fentinsa, a gindin matakala akwai ɗan ɗaki da kujerar roba a bakin ƙofa. A kan kujerar nan Isha'aku ya tsufa. Dogo ne, ya haura sittin amma bai ranƙwafa ba, in yana tafiya ƙirji a miƙe. Hausawa na ce masa Kofur, Larabawan unguwa na ce masa Askari. Shi kuwa ko kwana ɗaya bai taɓa yi a aikin soja ba.

Tela ne. A wani ƙauye kusa da Zariya aka haife shi, ubansa ya kai shi koyon ɗinki a kasuwar barikin soja. Ya yi shekaru a can yana rage ƙafar wando, yana ɗinka igiya a hannun riga duk sanda aka yi wa wani ƙarin girma. Sojoji sukan zauna a bencinsa suna jiran aikinsu suna hira, don haka ya san maganarsu, ya san zaginsu, ya san yadda suke buga ƙafa. Wata rana wani kofur mai irin tsayinsa ya kawo kaki a rage masa ƙugu, ya tafi bai dawo da wuri ba. Isha'aku ya gwada, ya ga ya zauna masa cif. Ya ari hula, ya tsallaka shagon mai hoto. Ƙuruciya ce kawai ta sa shi, ba da wata manufa ba. Ya jefa hoton a jaka ya manta.

Da kasuwa ta mutu, ya sayar da kekensa na ɗinki ya taho umara, ya ƙi komawa. A unguwar Ammariyya ya samu wurin kwana, ɗaki ɗaya da wasu masu dako, shi ma ya shiga dakon a Balad, tsohuwar kasuwar gari, yana tura kura cike da kwalayen kayan alhazai. Ba shi da takarda, ba shi da kowa, kuma sabon zuwa ne, don haka shi ake aika sayen burodi, shi ke wanke tukunya. Rannan yana neman wani abu a jaka hoton ya faɗo. Zaharadden, wani Bakatsine da suke ɗaki ɗaya, ya ɗauka ya ɗaga sama.

"Jama'a ku zo ku gani! Ashe da soja muke kwana ba mu sani ba!"

Isha'aku ya yi dariya, ya buɗe baki zai yi bayani. Sai ya ga yadda fuskokin suka canja. Wanda ya saba ce masa "kai" ya matsa masa a kan tabarma. Da aka dafa shayi, shi aka fara miƙa wa. Ya ce a ransa gobe ya faɗa musu. Lokacin ana yaƙin Laberiya, kullum rediyo na maganar sojojin Najeriya da aka tura can. Wani ya tambaye shi ko ya je. Ya girgiza kai yana nufin a'a, su kuma suka ɗauka yana nufin a bar maganar, abin ba shi da daɗin tunawa. Daga ranar bai sake wanke tukunya ba.

Da farko shiru kawai yake yi, mutane su cike sauran da kansu. Amma shiru ba ya isar masu son labari. A hankali ya soma fito da hirarrakin da ya ji a bakin keke, inda ya kamata ya ce "su" sai ya ce "mu". Ya iya ba da labari, kuma ya san sunan komai, ta yadda ko wanda ya taɓa zama a bariki ba zai kama shi ba.

Wannan suna ne ya kai shi gidan Alhaji Idris. Alhajin Bahaushe ne ɗan ƙasa, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa ya zauna. Yana neman haris, wato mai gadi, aka ce masa ga tsohon soja yana dako. Ya kira shi, ya kalle shi sama da ƙasa, ya ce halas, ya ɗauke shi aiki. Shi ya biya masa ya koma gida ya dawo da bizar aiki, ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar zama a ƙasar. A duniya babu wanda ya taɓa yi wa Isha'aku alheri irin wannan. Akwai ranar da wani mai walda ya zo gyaran tanki, ya ce wa Alhaji ƙofar saman bene katako ce ta ruɓe, kuma daga rufin maƙwabta mutum zai iya tsallakowa, gara a sa ta ƙarfe. Alhaji ya dafa kafaɗar Isha'aku yana dariya.

"Gidan da ke da soja me zai yi da ƙofar ƙarfe?"

Isha'aku ya ƙame ya sara masa, kowa ya yi dariya, maganar ƙofa ta wuce.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, matarsa Haoua, 'yar Maraɗi mai sayar da fura da dambu. Ba su daɗe da aure ba bakin abayarta ya warware, shi kuma yana zaune ba ya komai ya ɗauki allura. Da ta dawo ta juya abayar ciki da waje, ta daɗe tana kallon ɗinkin.

"Malam, wannan hannun ba na soja ba ne."

Ya gaya mata komai. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta rufa masa asiri. Tun daga ranar bai sake taɓa allura ba. In rigarsa ta yage sai ya kai wa wani tela ɗan Bangaladash, ya tsaya yana kallo ana yi masa ɗinki a karkace, ya biya ya tafi.

Hatim, ɗan Alhaji tilo namiji, a gindin kujerar nan ya girma, yana kiran Isha'aku Ammu, wato baffa. Da ya dawo daga makaranta sai ya jefar da jaka ya ce, "Ammu Kofur, labarin daji." Wani lokaci kuma ya ce a nuna masa hoton kakin nan. Hausarsa ba ta da yawa, yana ji fiye da yadda yake iya mayarwa, kuma rabin abin da ya iya a bakin Isha'aku ya koya. Ya girma, ya samu aiki a wani kamfanin jigilar kaya na tashar jirgin ruwa, ya auri Najwa, suka haifi 'yan mata biyu. Da Alhaji ya rasu kafalar Isha'aku ta koma hannunsa, amma bai taɓa yi masa magana irin ta maigida da yaronsa ba.

Wata Juma'a, maza duk suna masallaci, ɓarawo ya tsallako ta rufin maƙwabta. Ƙofar katakon nan ko wahala ba ta ba shi ba. Ya sauko hawa na uku ya tarar da Hajiya Maimuna, matar marigayi, tana fitowa daga alwala. Ta yi ihu, ya hankaɗe ta, ta faɗi a kan hannunta. Najwa ta kulle kanta da yara a ɗaki tana kiran 'yan sanda. Kafin kowa ya iso ya kwashi wayoyi da ɗan abin da ya samu ya koma ta inda ya fito. Tsintsiyar hannun Hajiya ta karye gida biyu.

Duk wanda ya zo jaje magana ɗaya yake yi. Ɓarawon ya san abin da yake yi, shi ya sa ya bari sai da Kofur ya tafi masallaci. Da Kofur na nan da gawarsa za a fitar. Isha'aku na tsaye a bakin ƙofa yana amsa gaisuwa, yana jin maganar kamar ana zuba masa ruwan zafi a baya.

Hatim bai samu natsuwa ba. Yana wurin aiki yana kiran gida ba ƙaƙƙautawa. Bayan an sallamo mahaifiyarsa daga asibiti ya sauko ya zauna a kan matakala kusa da kujerar roba.

"Ya Ammu, na yanke shawara. Zan sayi bindiga. Ni ɗan ƙasa ne, ina da haƙƙi, na riga na nemi rukhsa, ya'ani lasisi. Amma wallah ban san komai a kai ba. Na duba intanet, kowa da abin da yake faɗa. Na ce ni da nake da kai a gida, me zan yi da intanet? Ran Asabar mu je tare ka zaɓa mini."

Isha'aku ya ce bindigogin yanzu ba irin na zamaninsu ba ne. Ya ce idonsa ya yi rauni. Hatim ya ce bindiga ai bindiga ce, kuma ba wanda ya yarda da shi kamarsa.

Da ya shiga ɗaki Haoua na dama fura, ta riga ta ji komai ta taga.

"Mi za ka yi?"

"Zan je mana. Zaɓe ne kawai. Na ga bindiga ta fi a ƙirga."

"A kafaɗar mutane ka gan ta. Malam, labarin shayi daban, wannan daban. Gida ne mai yara. Ka hau ka gaya mai yanzu, tun ku biyu ne."

"In ce masa me? Shekara talatin ina cin abincin gidan nan."

"To ai shi ya sa."

Bai hau ba. Ya roƙi wani yaron kanti ya nemo masa bidiyo a waya, ya zauna yana kallon wasu Turawa suna harbi suna surutun da ba ya ji. Ya kalli yadda suke tsayawa, ya gwada a ɗaki da ludayi a hannu. Haoua ta juya masa baya.

Shagon yana can arewacin gari, mai lasisi ne, a bayansa akwai wurin gwajin harbi. Sanyin na'ura ya buge su tun daga ƙofa. Bindigogi a jere cikin gilashi, dogaye a jikin bango, ƙanana a ƙasa kan jan ƙyalle. Wani saurayi mai ɗan gemu, Abdulelah, ya tarbe su da Larabci. Da ya ji ta gida ake nema kuma ita ce ta farko, bai fito da komai ba tukuna, sai ya shiga tambaya. Wa zai riƙe ta? Akwai yara? A ina za a ajiye? Bangon ɗakuna bulo ne ko allo? Ya ce wa Hatim ta farko ba wadda ta fi ƙarfi ake nema ba, wadda hannunsa zai iya da ita ake nema, kuma gara ya fara sayen akwatin ƙarfe mai makulli kafin ita kanta bindigar.

Hatim ya saurara, sannan ya nuna Isha'aku da alfahari.

"Ammuna tsohon soja ne, ya yi yaƙi a Afirka. Abin da ya zaɓa shi zan saya."

Abdulelah ya dafa ƙirji ya gaishe shi da girmamawa, ya fito da ƙananan bindigogi uku ya jera a kan gilashi. Isha'aku ya dube su. Duk iri ɗaya suke a idonsa. Ya san dai soja ba zai zaɓi ƙarama ba, don haka ya ture biyun da bayan hannu.

"Waɗannan na wasan yara ne. Ɓarawo in ya ga wannan dariya zai yi. Kawo waccan."

Ya nuna wata ƙatuwa mai sheƙi a can gefe. Abdulelah ya ɗan yi jim, ya ce tana da nauyi kuma tana naushi, ba a cika ba sabon hannu ita ba, amma ya ciro ta, ya duba cikinta, ya miƙa. Isha'aku ya karɓa. Nauyin ya ba shi mamaki har hannunsa ya yi ƙasa. Don ya rufe wannan sai ya shiga magana, yana ba Hatim labarin wata gada da suka tsare a daji, yana kwatance da hannun da ke riƙe da bindigar, yatsansa a kan kunama. Bakinta ya bi ta kan gilashi, ya bi ta kan bango, ya tsaya a ƙirjin Abdulelah. Saurayin ya sa yatsu biyu ya danna ta ƙasa a hankali.

"Ya Ammu, babu harsashi a ciki. Amma a nan ba ma nuna wa mutum bakinta."

Hatim ya yi dariya ya ce a yi haƙuri, sabon fagen daga ne. Abdulelah bai yi dariya ba. Ya kalli yatsan Isha'aku, ya kalli fuskarsa, ya ce tunda wannan aka zaɓa, gara a gwada ta kafin a yi maganar saye.

Suka shiga wani dogon ɗaki mai layi-layi, aka ba su abin toshe kunne da tabarau. A can ƙarshe takardu ne a rataye masu zanen da'ira. Akwai mutane uku ko huɗu suna harbi. A bariki Isha'aku ya sha jin ƙarar harbi daga nesa yana taka keke, kamar ana fasa itace a wata unguwa. Bai san cewa a kusa ba kunne kaɗai ke jinta ba, har cikin hanji take shiga. Na kusa da su ya harba, Isha'aku ya zabura har tabaransa ya zame.

"Yalla ya Ammu, kai za ka fara," in ji Hatim. Ya fito da waya zai ɗauki bidiyo ya nuna wa Ummi, mahaifiyarsa.

Abdulelah ya sa harsashi, ya ajiye bindigar a kan kanta bakinta na kallon takarda, ya tsaya dab da kafaɗar Isha'aku. A nan ma da ya ce ya fasa, da an bar shi. Ya ɗauka da hannu biyu, ya buɗe ƙafa yadda ya ga Turawan nan na yi. Takardar na rawa a idonsa. Ya yi bisimilla a zuci, ya runtse ido, ya ja.

Ji ya yi kamar jaki ya harbe shi a tafin hannu. Bindigar ta yi sama, harsashin ya daki rufi, ƙura ta zubo. Ƙarfen samanta da ya ja baya ya yanke shi a tsakanin babban yatsa da manuni. Ya buɗe ido ya ga jini, kansa ya ɗaure, sai ya juyo gaba ɗaya wajen Hatim zai ce masa wani abu, bindigar na hannunsa, yatsansa bai bar kunama ba. Bakinta ya zo daidai cikin Hatim.

Abdulelah ya cafke wuyan hannunsa ya murɗa ya buga a kan kanta, ya daka tsawa a tsayar da harbi. Wurin ya yi tsit. Mutanen sauran layukan suka leƙo suna cire abin kunne. Hatim na tsaye da waya a hannu, bai ma gane abin da ya kusa faruwa ba sai da ya ga fuskar Abdulelah.

Aka fito da su. Abdulelah ya kawo akwatin magani, ya wanke ciwon da kansa ya naɗe. Sannan ya ja Hatim gefe ya yi ƙasa da murya, ya manta ko bai damu ba cewa tsohon ya fi shekara talatin yana jin Larabci.

"Ɗan'uwa, ba don in ci mutuncinsa ba. Wannan bawan Allah bai taɓa riƙe makami ba. Ko da wasa kada ka bar shi kusa da ita."

Hatim ya fusata. Ya ce mutumin nan ya yi yaƙi tun ba a haifi Abdulelah ba, ya ce akwai tabon harsashi a ƙafarsa, ya ce bai kamata yaro ya faɗi haka a kan dattijo ba. Abdulelah ya ɗaga hannu ya ce Allah ne mafi sani. Isha'aku na zaune a kan benci yana kallon bandejin, yana jin yaron da ya goya yana faɗa a kansa. Da ƙasa za ta buɗe da ya shige.

A hanyar dawowa suka hau titin Madina suka shiga cunkoso. Can Hatim ya rage sanyin mota ya ce, cikin lallashi:

"Ammu, kada ka damu. Na karanta, sojan da ya ga yaƙi, in ya ji ƙara jikinsa yana tunawa. Laifina ne da na matsa maka."

Ga ƙofa an buɗe masa. Gyaɗa kai kawai zai yi a wuce wurin, kamar yadda aka wuce sauran. Har ya soma gyaɗawa. Sai Hatim ya ci gaba:

"A hankali za ka saba. Don in ta zo, makulli ɗaya a wurinka zai zauna. Ni ina wurin aiki duk yini. Kai ne da Ummi da Najwa da yara."

Isha'aku ya kalli motar da ke gabansu. Ya tuna ƙaramar 'yar Hatim da take saukowa da gudu ta faɗa masa a jiki ba sallama.

"Hatim, ni tela ne."

"Tela? Mene ne tela?"

Kalmar ba ta cikin Hausar da ya koya masa. Dole ya sake faɗa da Larabci, da bakinsa.

"Khayyaɗ. Ɗinki nake yi wa sojoji. Kakin da ke cikin hoton na wani ne. Ban je Laberiya ba, ban je ko'ina ba. Yau ce ranar farko da na taɓa bindiga."

Hatim ya ratse gefen titi ya tsaya, na baya suna ta oda. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Tabon ƙafarka?"

"Salansar babur ce."

"Abuya, Allah ya jiƙansa, ya sani?"

"Bai sani ba."

Hatim ya kalli gaba. Ya ce, "Ƙofar sama," bai ƙarasa ba. Ashe yana wurin ranar da mai walda ya yi magana, yana yaro, yana cikin masu dariya. Ya tayar da mota. Da suka iso Bagdadiyya suka tsaya ya ce a riƙa canja bandejin kada ciwon ya yi ruwa, ya hau sama.

A satin aka zo aka sa ƙofar ƙarfe a saman bene, aka kafa kyamarori. Hatim ya koma shagon shi kaɗai, ya ba Abdulelah haƙuri, ya yi makonni yana zuwa koyo kafin ya sayi komai. Daga ƙarshe ɗaya daga cikin ƙananan nan biyu da Isha'aku ya ture ya ɗauka. Ranar da aka kawo akwatin ƙarfen, Isha'aku na cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa hawa na biyu. Aka ɗaure shi a bango cikin kabad, Hatim ya sa makullin a aljihu, ba a yi maganar na biyu ba. Bai gaya wa kowa abin da ya faru ba, bidiyon ma ya goge. Abu ɗaya ne ya canja: ya daina cewa Ammu Kofur, ya koma Ammu Isha'aku. Yana gaishe shi safe da yamma, yana biyansa a kan kari, amma bai sake zama a kan matakala ba.

Isha'aku ya kasa cin abinci sosai. Haoua ba ta ce masa ai na gaya maka ba, ta dai ce saura Hajiya. Ya yi ta ɗagawa, rannan bayan la'asar ya hau ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Hajiya Maimuna na zaune, hannun a rataye a wuya. Ya faɗa mata tun daga kasuwar bariki, ya ce in ta ce ya tafi zai tafi, a yi masa takardar fita ya koma gida. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Alhaji ya mutu yana alfahari da kai," ta ce. "Ko baƙo ya yi sai ya kira ka ka sara masa."

Isha'aku ya sunkuyar da kai.

"Ka tafi ina? Wa ka sani a can yanzu? Tashi ka je, Malam Isha'aku. Tun safe famfon sama ba ya kawo ruwa."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ana aiko masa da abincin Juma'a kamar da. Hannun nata dai bai koma daidai ba, ya warke a ɗan karkace, ko butar shayi ba ta iya ɗagawa da shi. Duk sanda za ta asibiti shi ke buɗe mata ƙofar mota, ta dafa shi da hannun hagu ta shiga, na daman a kan cinya.

Ya ga tunda ya fara gara ya ƙarasa. Ya je Ammariyya wurin tsofaffin abokansa, inda suke taruwa shan shayi a bayan wani shagon kayan gwanjo. Zaharadden na nan, ya tsufa, haƙora sun zube. Isha'aku ya bari aka zuba zagayen farko, ya ce yana da magana. Ya faɗa musu shi tela ne, kaki na aro ne. Suka kalli juna, sai Zaharadden ya fashe da dariya har yana tari.

"Kofur ke nan! Ni da na ga hoto da idona? Ku kun taɓa ganin tela da irin wannan ƙirji?"

Isha'aku ya rantse. Wani ɗan Chadi a cikinsu ya gyaɗa kai ya ce haka suke, wanda ya kashe rai da yawa in ya tsufa ba ya son a tuna masa, tuba ce. Wani ya ce wataƙila ma aikin asiri ya yi, an hana shi faɗa. Kafin a gama zagaye na uku girmansa ya ƙaru a wurin. Ya tashi ya taho, suna ce masa a sauka lafiya Kofur.

Bayan ƙaramar salla wani saurayi ya zo nemansa har gida, Rabi'u, ɗan wajen Zamfara, lebura ne a wata masana'antar roba a unguwar masana'antu. Ya shiga mota biyu kafin ya iso, ranar hutunsa ɗaya tak. Ya tsuguna a gaban kujerar roba ya gaishe shi, ya ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke kusa da nasu, yayyensa sun ce ba za su zauna haka ba, suna son abin da za su tsare gida da shi, amma ba wanda ya san kan abin. An ce masa a duk Jidda ba wanda zai ba shi shawara kamar Kofur.

"Baba, wacce ta dace da mutumin da bai taɓa riƙewa ba? Ka faɗa mini in kira su yau."

Isha'aku ya dubi yaron. Idonsa ja, da gani bai yi barci ba.

"Ɗana, ban sani ba. Ni ba soja ba ne, ban taɓa zama ba. Sau ɗaya na taɓa harbi, saura kaɗan in kashe ɗan maigidana. Duk abin da na faɗa maka ƙarya zai zama, kuma rayukan 'yan'uwanka ne. Su nemi wanda ya sani a can."

Rabi'u ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya sake roƙo, ya ce ba zai ambaci sunansa ga kowa ba. Isha'aku ya maimaita masa abin da ya faɗa. Ya ce ya tsaya ya sha fura, Haoua ta dama. Saurayin ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa.

"Na gode, Baba. Da ka ce ba za ka faɗa ba kawai, da ya fi."

Ya juya ya tafi bai waiwaya ba. Isha'aku ya bi shi da kallo har ya sha kwanar kantin ɗan Yaman. Ya ɗan zauna, sannan ya tashi ya jawo tiyo, don motar Hatim ta yi ƙura kuma an kusa kiran magariba.